Ragon Suna Da Warin Fetur

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda in ba tuna mini aka yi ba sun tafi ke nan, amma safiyar da muka kai ragon sunan ɗana na fari Maradun ba ta cikinsu. Ko yau na tsaya gidan mai warin fetur ya bugi hancina, sai in kama murmushi ni kaɗai har mai zuba man ya riƙa kallona. Wannan safiya kam, ina jin sai dai a binne ni da ita.

Mu gidan fawa ne a Talata Mafara, iyaye da kakanni. Mahaifina, wanda muke kira Baba, mutum ne mai tsare gida, kalmominsa a ƙirge suke. Ni ne ɗansa na fari, kuma duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana son in yi wani abu, sai ya dubi bango ya ce a yi kaza, ko ya aiko ƙanena ya ce a gaya wa wancan. Ƙannena suna hawa cinyarsa su ja masa gemu, ni ko hannuna bai taɓa riƙewa a gaban mutane ba. Na san kunya ce ta ɗan fari, kowa ya gaya mini, amma ina yaro abin yana ci mini rai, kuma ban ɓoye muku ba, har na girma akwai sauran ɗacinsa a ƙasan zuciyata.

To sai ga shi abin ya zagayo kaina. Matata 'yar Maradun ce, da cikinta ya tsufa aka zo aka tafi da ita gidan iyayenta, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ina kwata ina fiɗar akuya aka bugo waya aka ce ta sauka lafiya, an samu namiji. Na ce alhamdu lillahi, na mayar da wayar aljihu na ci gaba da aiki kamar an ce mini farashin gishiri ya sauka. Ba dama in yi tsalle, ba dama in ce zan je. Matan gidanmu suka tafi barka suka dawo suna ta labari a tsakar gida, wannan ta ce hancina ne sak, waccan ta ce goshin Baba ya ɗauko. Ni kuwa sai in tsiri wasa wuƙa a kusa da su, kaina a sunkuye, kunnuwana a miƙe. Wayoyinmu na lokacin ba sa ɗaukar hoto, don haka duk abin da na sani game da fuskar ɗana, daga bakin mata na tsinto shi.

Damata guda ce. Ran suna da safe, bayan liman ya raɗa suna, ana fito da jariri zaure wanzami ya yi masa aski. A nan uba ke satar kallo ta wutsiyar ido. In wannan ta wuce ni, an mayar da shi cikin gida, to shi ke nan, don suruki ba ya kutsa kai cikin gidan surukai ranar da mata suka cika shi, kuma ba a dawo mini da su sai an gama wankan jego. Saboda haka ba abin da nake so a duniya kamar mu isa Maradun da wuri, ga shi ba wanda zan iya gaya wa.

Ana gobe suna na je Bakura na ɗauko Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ke zaune can wurin ƙanensa. Tsohuwa ce 'yar firit mai bakin tsiya, ita kaɗai ce a danginmu nake wasa da ita son raina. Ta zo da ƙatuwar kwallarta cike da kayan barka, su kanwa da yaji da 'yan riguna da sandunan sabulun wanki. A hanya na tsaya gidan mai na ce a cika tanki har wuya, don kada gobe wani abu ya tsayar da ni. Ashe da hannuna nake gayyato abin da zai tsayar da ni ɗin.

Sai na ɗan gaya muku yadda motar take. Tsohuwa ce mai dogon baya, da ita muke kai nama. Tun da daɗewa muka ciccire duk kwalayen da suka rufe jikin but ɗinta daga ciki, muka huda ƙasan don in an wanke jini ruwa ya samu hanyar fita. Nama yankakke kawai take ɗauka, dabba mai rai ba ta taɓa shiga ba sai ran nan. Ragon kuwa fari ne tas, ƙato, mai murɗaɗɗen ƙaho. Tun lokacin da aka fara raɗe-raɗin matata na da ciki Baba ya ware shi yana ba shi dusa da ƙowar wake da hannunsa, bai taɓa faɗin na mene ne ba, ba kuma wanda ya tambaya.

Muna idar da sallar asuba Baba ya shimfiɗa harawa a but, ya ɗora ragon ya ɗaure shi da kansa, ni ina can ina fama da kwallar Kaka. Baba yana da wani ƙulli da yake alfahari da shi, wanda ko bijimi ba ya kwancewa. Ya zauna gaba cikin farar babbar rigarsa, Kaka ta zauna baya, na ja mota. A wancan zamanin hanyoyinmu lafiya lau suke, mutum ya fita da duku-duku ba ya tunanin komai sai ramuka.

Yanzu ku dubi zaman da muka yi. Baba ɗan farin Kaka ne, don haka ita ma ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Shi kuma ba ya yi mini. Ke nan in Kaka na son gaya masa abu sai ta gaya mini, in shi yana son gaya mini sai ya gaya wa gilashin mota. Haka muka tafi, ragon yana ta tirjiya a baya duk lokacin da muka faɗa rami, ni kuwa ina taka mota fiye da yadda na saba.

Mun shiga cikin gonakin shinkafar nan da ke shan ruwan dam, gari ya fara haske, sai Kaka ta ja hanci ta ce, “Kai angon ƙarni, motag ga warin mai take yi.”

Na ce, “Kaka, hitsarin rago na.”

Ta ce, “Tun ba a haihi wanda yah haihe ka ba nike kiwon tumaki. Ni za ka gwada ma hitsarin rago? Tsaya a duba.”

Gaskiya ni ban ji komai ba, Baba ma haka. Hancin mahauci ya riga ya mutu a kwata, in ba wuta ce ta kama rigarsa ba ba ya jin ƙauri. Na yi kamar ban ji ta ba, na ƙara taka mota. Ta zungure ni a ƙeya da sandarta ta ce ita ba ta bar ɗakinta a Bakura don ta zo ta soye cikin gwangwani ba, in ban tsaya ba za ta buɗe ƙofa ta sauka, kuma in saurin ganin wani nake yi in faɗa kowa ya ji. Kunya ta rufe ni. Baba ya dubi gilashi ya ce, “A tsaya.”

Na gangara gefen wata magudanar ruwa na kashe mota. Ina fitowa na waiwaya, sai na ga wani layin ɗigo-ɗigo baƙi ya biyo mu a kan hanya har iya ganina. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashi. Mai ne yake ɗiga, ɗis, ɗis, bai fi tafin hannu tsakaninsa da salansa ba, ita kuwa ta yi zafin da ko tofi ka yi mata sai ya ƙone. Da na ƙara tafiya kaɗan cikin taurin kaina, Allah kaɗai ya san labarin da za a kai Maradun a maimakon rago. Har yau in na tuna sai na yi wa tsohuwar nan addu'a.

Amma a lokacin, in faɗi gaskiya, tsoron bai daɗe ba baƙin ciki ya danne shi. Rana tana ta ɗagowa. Ba bakanike a wurin, ba gari kusa, kuma ko da mai babur ya zo ba yadda za a yi in hau in bar tsofaffi biyu da rago a bakin hanya. Ina ganin zauren surukaina a idona, an shimfiɗa tabarmi, liman ya zauna, wanzami yana wasa askarsa. Na ji hawaye na neman zubo mini, sai na ƙara cusa kaina ƙarƙashin mota don kada a gani.

Matsalar ita ce ba a gane inda yoyon yake. Ko'ina a jiƙe, na goge da tsumma, kafin in ɗaga kai ya sake jiƙewa. Na shafa jikin tankin ban ji huji ba. Baba ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wa tayar mota, “Dabba in an hura ta, inda wuƙa tat taɓa nan iska ka hita. A hura tankin.”

Wanda bai san fawa ba, haka muke yi kafin fiɗa: a ɗan tsaga fatar ƙafa a sa baki a hura har dabbar ta kumbura, fata ta saki nama. In akwai huji a fatar, nan take za ka ji iska na tsiyaya. Na buɗe murfin tanki, na naɗe bakin da tsumma, na cika kumatu na hura. Ba na ba kowa shawarar ya gwada, don tururin da ya dawo mini sai da na ga taurari da safe, gemuna da gaban rigata duk suka sha mai. Muka ji wani ɗan siririn sauti, amma ba mu gane daga ina yake ba.

Kaka ce ta buɗe kwallarta ta zaro sandar sabulu guda ta miƙo mini, ta ce, “Ba wancan, ka ce shi yi kumfa shi shahe bututun. Haka muka gane hujin tankin hitila.” Baba ya karɓa ba tare da ya dube ta ba, ya jiƙa a magudana, ya murza kumfa ya bi duk wani bututu da ke ƙarƙashi ya shafe. Na hura, shiru. Ya buɗe but, ya ture ragon gefe, ya janye harawar, sai ga ta sharkaf da mai. Ya shafa kumfar a jikin wani bututun ƙarfe da ya gangaro ta gefen but ɗin. Na sake hurawa. Sai ga ƙwai-ƙwan kumfa suna tasowa, daidai inda ƙarfen ya shiga cikin tiyon roba, ɗan ƙasa kaɗan da ƙullin Baba.

Ashe bututun da mai ke bi daga murfi zuwa tanki ne. Da yake mun cire kwalayen, ya fito fili, Baba ya ga ƙarfe mai kauri a tsaye ya ce ya samu turke. Duk tirjiyar da ragon ya yi, bututun yake ja, har ɗan zoben da ya matse tiyon, wanda tsatsa ta riga ta ci, ya karye, tiyon ya zame bakinsa ya tsage. Ga tanki cike har wuya, sai man ya riƙa fantsamowa yana bin hujin wankin jininmu yana sauka kusa da salansa.

Can Kaka ta leƙo ta ce, “Angon ƙarni, tambayam mini, wane gwani na yaɗ ɗaure rago ga maƙogwaron mota?”

Baba ya daɗe yana kallon igiyar, sannan ya ce, “Ƙullin dai bai kwance ba.”

Kaka ta fashe da dariya har goronta ya faɗi ƙasa. Ni na juya baya ina cije leɓe, kafaɗuna suna rawa. Da na saci kallon Baba sai na ga gemunsa yana motsi, shi ma dariyar yake dannewa. Ban taɓa ganin haka ba a rayuwata.

Daga nan aiki ya tafi da sauri. Muka sauke ragon, na kwashe harawar na kai ta nesa. Baba ya zaro wuƙar fiɗarsa ya datse tsagaggen bakin tiyon, yanka ɗaya, sumul. Na tura tiyon ya hau ƙarfen sosai, shi kuma ya yanko tsirkiyar fata daga cikin kayansa ya naɗe wurin ya ɗaure da ƙullin nan nasa, wannan karon a inda ya dace. Kaka tana zaune a bakin magudana tana murza rabin sabulun da 'yan ɗigon ruwa har ya yi laushi kamar tuwo, ta ce a liƙe kewayen da shi, mai ba ya cin sabulu. Muka liƙe. Na sake hurawa, ko kumfa ɗaya ba ta tashi ba. Muka ɗebo ruwa muka wanke but ɗin da ƙarƙashin motar, kuma duk zumuɗina sai da Kaka ta sa muka jira wurin ya bushe, ta zagaya motar tana shinshina, sannan ta ce a tafi.

Saura inda za a sa rago, tunda ba sauran turke. Kaka ta koma gaba, Baba ya shiga baya da farar rigarsa, ya rungume ragon tsakanin gwiwoyinsa ya riƙe ƙahonin. Haka muka shiga Maradun, mutane suna tsayawa suna kallonmu.

Mun makara. Liman yana da wani sunan a wata unguwa, ya jira har ya gaji, ya raɗa sunan da muka riga muka aika, an yi addu'a an raba goro. Wanzami ya gama aski yana naɗe kayansa, an mayar da jariri ciki. Surukina ya tarbe mu da fara'a, aka yi doguwar gaisuwa, aka jajanta, Baba ya yanka ragon da hannunsa kowa yana yaba girmansa. Ni kuwa na samu ƙarshen tabarma na zauna, ana yi mini barka ina amsawa da baki kawai. Zuciyata ta yi nauyi, ga warin mai yana tashi daga jikina har na kusa da ni suna ja da baya.

Baba yana wanke wuƙarsa, sai ya ɗaga murya yadda duk zauren zai ji, abin da ba halinsa ba ne, ya ce, “Warin man ga ya dami jama'a. A shiga da shi ciki a ba shi ruwa shi wanke.”

Surukina ya ce ai ba komai, bari a kawo bokiti nan waje. Baba bai ɗaga kai ba ya ce, “Sabulun na ciki, wurin tsohuwa.”

Kafin wani ya sake magana sai ga Kaka a bakin ƙofa da ragowar sabulun a hannu, kamar dama jira take. Ta kama hannun rigata ta ja ni, tana faɗa wa matan da suka cika tsakar gida su kauce, ga mai warin gareji zai wuce. Suka yi ta guɗa suna tsokanata, ni kaina a ƙasa. Ta kai ni bayan ɗaki na wanke fuska da gemu da hannuwa har sau nawa, aka ba ni aron riga, tana shinshina ni tana cewa saura. Da ta gamsu sai ta ɗaga labulen wani ɗaki ta tura ni ta ce in shiga nan in sha iska.

Matata ce zaune a bakin gado, ta yi fes, ta ja mayafi ta rufe fuska tana dariya ƙasa-ƙasa. Kaka ta ɗauko yaron ta ɗora mini a hannu. Ɗan mitsitsi, kansa sabon aski yana sheƙi, yana ƙanshin turaren wuta da nono. Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni, ya yamutsa goshi, sai na ga Baba sak lokacin da yake duban ƙullinsa. Hawayen da na ɓoye a ƙarƙashin mota suka zubo, ban ma yi ƙoƙarin tare su ba. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokaci ba.

Kaka ta zauna kusa da ni ta rage murya ta ce, “Kana ce bai san abin da ad damunka ba? Da anka haihe ka Jangebe, gidan su uwarka, kullum sai shi ɗau keke shi ce za shi sayen hwata. Ba ranar kasuwa ba, ba komi ba. Shi tai shi yi ta zagayen bayan gidan ko shi ji kukanka, shi dawo hannu wohi. Ni ina kallo nai, ban ce mai komi ba.”

Da na fito zaure, Baba yana zaune yana cin goro, gaban farar rigarsa duk gashin rago. Bai dube ni ba. Ya dai matsa kaɗan a kan tabarmar, ya bar wuri a gefensa, na zauna.

Washegari na kai motar wurin bakanike ya sa sabon tiyo da sabon zobe, ya kuma mayar da marfi a kan bututun, yana ta dariyar ɗaurin fatar, wai da ƙyar ya yanke shi. Kaka da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Yaron nan yanzu ya fi ni tsawo, kuma ni ma ba na iya kiran sunansa a gaban mutane, bakina ba ya yarda.

Abu biyu na ɗauka daga wannan safiya. Na farko, in wani a cikin mota ya ce yana jin warin mai, ko wane ne shi, kuma ko ina kake saurin zuwa, ka tsaya ka kashe inji ka duba. Na biyu shi ya fi zauna mini. Na yi shekaru ina auna son da Baba ke yi mini da abin da bakinsa ya faɗa, ashe shi a hannunsa yake ajiye nasa, a dusar da ya ba rago da wurin da ya matsa mini a tabarma. Tun daga ranar na daina jiran in ji sunana a bakinsa. Shi ya sa in mun keɓe da ɗana, ba kowa, nakan daure in ba shi labarin keken Jangebe da ragon Maradun, don kada shi ma ya daɗe yana jira kamar yadda na jira.